Daga Ɗaura Niyya Zuwa Cika Buri: Nazarin Tunanin Bahaushe Kan Tabbatar da Ƙuduri a Ƙasar Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tazarar da ke tsakanin ɗaura niyya da aiwatar da ita, kamar yadda harshe da al'adun Hausawa suka fahimce ta, tare da ɗaukar misalai daga ƙasar Sabon Birni da Isa ta jihar Sakkwato. An nazarci kalmomi da karin magana da tsare-tsaren noma da kasuwanci, sannan aka auna su da sakamakon binciken masana halayyar ɗan'adam da masana tattalin arziki. Maƙalar ta gano cewa Bahaushe bai aminta da ƙarfin zuciya shi kaɗai ba, shi ya sa yake yi wa niyyarsa dabaibayi da rana, da idon jama'a, da dukiyar da ba ta saurin taɓuwa. Ta kuma nuna cewa rashin tsaron da ya addabi yankin ya tsinka waɗannan dabaibayi, don haka kuskure ne a ɗora wa mutanen wurin laifin kasala. A ƙarshe an kawo tarihin Gobir a matsayin misalin riƙe buri tare da sauya hanya.

Fitilun Kalmomi: niyya, ƙuduri, himma, alkawari, dabaibayi, Gobir

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami mutumin da bai taɓa ɗaura niyyar wani abu ya kasa kai ta gaci ba. Manomi kan ce bana ba zai sayar da hatsinsa da kaka ba, amma kafin sanyi ya wuce rumbu ya yi rabi. Ɗan tireda kan ce ba zai ƙara taɓa uwar kuɗi ba, sai suna ko rashin lafiya su gitta. Sau da yawa hukuncin da ake yankewa a kan irin waɗannan mutane gajere ne, a ce da su raggwaye ko marasa himma, a kafa hujja da cewa himma ba ta ga raggo. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: shin Bahaushe ya jingina cika buri ga halin mutum kaɗai, ko kuwa akwai wasu ginshiƙai na waje da ya tanada domin su tallafi hali? Amsar tana da muhimmanci a yau, domin da ita ake auna dubban mutanen da tashin hankali ya raba da gonaki da kasuwanni, kuma da ita ake tsara tallafin da ake ba su.

1.1 Farfajiya da Hanyar Nazari

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne da ke gabashin jihar Sakkwato. Sabon Birni tana iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuwa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da damina, da noman fadama da rani a gefen Gulbin Rima da rassansa, ga kiwo, ga fatauci tsakanin ƙasashen biyu. Kufan Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, yana cikin ƙasar Sabon Birni. An zaɓi wannan yanki ne saboda ya haɗa abubuwa biyu da nazarin ke buƙata: tsofaffin tsare-tsaren al'ada, da kuma mummunar girgizar da ta jarraba su. Hanyar nazarin ita ce ƙalailaice ma'anar kalmomi da karin magana, da bayyana al'adun da aka sani, sannan a kwatanta su da abin da masana suka wallafa.

2.0 Niyya a Harshen Bahaushe

2.1 Matakan Niyya

Hausa ba ta tara komai a kalma ɗaya ba. Buri shi ne abin da zuciya ke so, ko da babu hanyar samunsa. Niyya, wadda aka aro daga Larabci, ita ce fuskantar da zuciya zuwa ga aiki. Ƙuduri da azama sun fi niyya ƙarfi, domin a wannan mataki an daina shawara. Alkawari niyya ce da ta fita daga baki ta shiga kunnen wani, alwashi kuwa alkawari ne mai haɗe da zafin rai, yayin da bakance yake tsakanin bawa da Ubangijinsa. Bayan waɗannan sai kalmomin tafiyar aiki: himma, ƙwazo, naci, juriya, haƙuri. A ɗaya ɓangaren akwai kalmomin gazawa, su ma kowace da irin cutarta. Mai ɗoki yakan fara da zafi ya huce da wuri. Mai nawa yana yi, amma lokaci na wuce shi. Mai shiririta hankalinsa ne a rarrabe, mai kasala kuwa ƙarfin farawa ne ya rasa. Wannan rarrabewa ta nuna cewa harshen ya san gazawa iri-iri ce, kuma maganin ɗoki dabam yake da maganin nawa.

Nahawu ma ya taka rawa. Hausa tana da lokaci mai zuwa iri biyu. Wanda ya ce "zan biya" ya fi kusa da ɗaukar nauyi a kan wanda ya yi amfani da lokaci mai zuwa na biyu ya ce "nâ biya", domin na biyun ya bar ƙofar yiwuwa a buɗe. Mai bin bashi a kasuwa yana jin wannan bambanci tun kafin ya ji sauran zancen.

2.2 Ɗauri, Kaya da Cikawa

Lakoff da Johnson (1980) sun nuna cewa aikatau da al'umma ke amfani da su wajen zancen abubuwan da ba a gani suna tona yadda take tunaninsu. Idan aka bi wannan hanya za a ga hotuna uku a Hausa. Na farko ɗauri ne: ana ɗaura niyya, ana ƙulla yarjejeniya, ana ƙudurta abu a rai, kuma idan aka fasa sai a ce an warware ko an kwance. Na biyu kaya ne: ana ɗaukar alkawari, ana sauke nauyi, kuma alkawari kaya ne. Na uku mazubi ne: ana cika alkawari, buri yana cika, mutumin kirki kuwa mai faɗa da cikawa ne. Hotunan nan uku sun yi tarayya a abu ɗaya. Abin da aka ɗaure yana iya kwancewa, kaya suna gajiyar da mai ɗauka, mazubi kuma sannu a hankali yake cika. Wato Bahaushe ya ɗauka tun farko cewa niyya aba ce mai rauni, mai buƙatar tsaro.

3.0 Abin da Masana Suka Gano

Gollwitzer (1999) ya bambanta niyyar buri, irin "ina so in tara jari", da niyya mai sharaɗi, irin "idan na dawo daga kasuwa ranar kaza, zan ware kaza kafin in shiga gida". Ta biyun ta ɗaure aiki da lokaci da wuri, don haka idan lokacin ya zo ba a sake zaman shawara da zuciya. Da Gollwitzer da Sheeran (2006) suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 94, sun tarar cewa irin wannan niyya tana ƙara yiwuwar aiwatarwa ƙwarai. Locke da Latham (1990) su ma sun nuna cewa buri ƙayyadadde ya fi haifar da aiki a kan cewa "zan yi iya ƙoƙarina".

Masana tattalin arziki sun zo da hujja daga gona da kasuwa. A yammacin Kenya, Duflo da Kremer da Robinson (2011) sun lura cewa manoma da yawa suna da niyyar sayen takin zamani, amma kuɗin kan ƙare kafin lokacin shuka. Da aka ba su damar biyan kuɗin takin da zarar an yi girbi, a kawo musu daga baya, sai masu amfani da taki suka ƙaru. A ƙasar Filifin, Ashraf da Karlan da Yin (2006) sun gwada asusun banki wanda mai shi ke hana kansa cirewa sai wa'adi ya cika ko kuɗin sun kai adadin da ya sa, kuma bayan shekara ɗaya ajiyar waɗanda aka yi wa tayin ta ƙaru da kimanin kashi 81 cikin ɗari. A birnin Lome na Togo, Campos da abokan aikinsa (2017) sun yi gwaji da ƙananan 'yan kasuwa 1,500. Waɗanda aka koya wa zaburar da kai da shirya wa cikas tun kafin ya zo, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a shekara biyu, alhali ƙarin da aka gani ga waɗanda aka koya wa darussan kasuwanci na yau da kullum bai kai a kafa hujja da shi ba.

4.0 Dabaibayin Niyya a Al'ada

Makiyayi ba ya dogara da hankalin jakinsa, dabaibayi yake sa masa. Wannan maƙala ta ari kalmar domin ta nufi duk wata dabara da mutum ke taƙaita wa kansa zaɓi da ita a yau, saboda ya san gobe zuciyarsa na iya sauyawa. An gano iri uku.

4.1 Dabaibayin Rana

A al'adar aure, magana ba ta zama tabbas sai an sa rana. Kafin nan niyya ce, bayan nan kowane ɓangare ya san abin da zai tanada da lokacin da zai tanade shi. Haka noma yake. Sharar gona da kai taki suna da lokacinsu, ruwan shuka idan ya sauka ba ya jiran kowa, firi da maimai suna bin juna, kuma wanda ya makara gonarsa ce za ta tona masa asiri. Mai turka rago ya san Layya ce wa'adinsa. Kasuwar mako tana yanka wa ɗan kasuwa lokaci gunduwa-gunduwa, a karɓi kaya wannan kasuwa a biya kasuwa mai zuwa. Cin rani, wanda Prothero ya nazarta a Lardin Sakkwato a shekarun 1950, shi ma yana da mafari da maƙura: a fita bayan girbi, a dawo kafin ruwa, da abin da aka je nema a ƙayyade, ko kuɗin aure, ko na haraji, ko na sa. Duk waɗannan niyya mai sharaɗi ce irin wadda Gollwitzer ya bayyana, sai dai a nan al'umma ce ta tanadi sharaɗin, mutum ya tarar da shi a shirye.

4.2 Dabaibayin Idon Jama'a

Kirk-Greene (1974) ya lissafa gaskiya da amana da haƙuri da kunya cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Kunya a nan ita ce ke sa saɓa magana ya yi tsada. Magana zarar bunu ce, don haka wanda ya furta niyyarsa gaban shaidu ya sa mutuncinsa jingina. Adashi ya ginu a kan wannan. Macen da ba za ta iya hana kanta taɓa kuɗin ƙuli-ƙulinta ba, ba za ta yarda uwar adashi ta aiko sau biyu ba. Wanda ya riga ya kwasa kuma ya fi kowa shiga ɗauri, domin daina zubi bayan kwasa cin amana ne. Gayya da biki haka suke: wanda aka yi wa yau, shi ake jira gobe. A fagen fatauci, Cohen (1969) a Sabon Ibadan da Grégoire (1986) a kan Alhazan Maraɗi sun nuna yadda bashin kaya ke gudana tsakanin maigida da yaransa bisa suna da amana, ba tare da dogaro da kotu ba. Yaron da ya karɓi jari yana da wanda zai yi wa lissafi, wannan kuwa yana tsare shi daga abin da zuciyarsa za ta raya masa.

4.3 Dabaibayin Dukiya

Hanya ta uku ita ce mayar da kuɗi wani abu mai wuyar kashewa. Asusun ƙasa sai an fasa shi. Rufewa idan aka liƙe bakinta, buɗe ta sai da dalili, rumbun tsimi kuwa ba a taɓa shi sai wuya ta kai wuya. Akuya ko tunkiya ajiya ce da ba a gutsura, kuma sayar da ita sai an jira ranar kasuwa, jiran da kan ba zuciya damar hucewa. Kafin alƙalami yana yin irin aikin da biyan kuɗin taki da kaka ya yi a Kenya: an ba da wani abu, fasawa ta zama asara. Sai dai Hill (1972), a nazarinta na Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa wannan dabara ba kowa ke iya ta ba. Talakan manomi yakan sayar da hatsi da kaka lokacin da yake araha, ya dawo ya saya da tsada, mai hali kuwa ya adana. Wato dabaibayi ma yana buƙatar ɗan abin da za a ɗaure.

5.0 Yadda Dabaibayi Ya Tsinke

A shekarun baya-bayan nan yankin ya ga abubuwan da suka taɓa kowane ɗaya daga cikin ginshiƙan nan. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A watan Mayu 2020 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A Satumba 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan biyu. A Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, a Disamba kuma aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Dubban mutane sun tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi, ƙauyuka da yawa kuma an ɗora musu kuɗin fansa kafin su yi noma ko girbi.

Idan aka dubi waɗannan da ma'aunin sashe na 4.0, za a ga ɓarnar ta wuce rayuka da dukiya. Kasuwar da ba ta ci ba ta rushe wa'adin biyan bashi. Ƙauyen da ya watse ya watsa 'yan adashi da shaidun alkawari. Dabba da cikakken rumbu, waɗanda a da su ne mafakar tanadi, sun koma abin da ke jawo wa mai su hari. A irin wannan hali, wanda ya sayar da hatsinsa da wuri ko ya ƙi turka rago ya yi lissafi ne daidai da zamaninsa.

Bincike biyu sun ƙarfafa wannan fahimta. Gwajin Mischel na Jami'ar Stanford, inda ake ba yaro alewa ɗaya a ce idan ya jira zai sami biyu, an daɗe ana ɗaukarsa ma'aunin haƙuri. Kidd da Palmeri da Aslin (2013) sun sake shi da ƙari ɗaya: kafin gwajin, an cika wa wasu yara wani alkawari, wasu kuma an saɓa musu. Waɗanda aka cika wa sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kimanin minti 3. Haƙuri ke nan yana tafiya da amincewa cewa abin da ake jira zai zo. Mani da abokan aikinsa (2013) kuma sun auna manoman rake 464 a Tamil Nadu ta Indiya, suka tarar cewa mutum ɗaya ya fi kaifin tunani bayan girbi a kan kafin girbi, lokacin da ƙuncin kuɗi ya cika masa kai. Bahaushe ya ce ba a tauna taura biyu, kuma wanda ke kwana da kunne ɗaya a daji ba shi da sauran hankalin tsara baɗi.

6.0 Naci da Sauya Hanya: Darasi Daga Tarihin Gobir

Karin maganar Hausa ba su tsaya a gefe ɗaya ba. An ce mai nema yana tare da samu, an kuma ce zafin nema ba ya kawo samu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, an kuma ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wannan ba tufka da warwara ba ne, rarrabewa ce tsakanin buri da hanyar kai wa gare shi. Wrosch da abokan aikinsa (2003) sun nuna cewa iya sakin abin da ba zai samu ba, tare da kama wani, yana da alaƙa da kwanciyar hankali.

Tarihin ƙasar ya ba da misali ta fuska biyu. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun sha mummunan kaye a Tsuntsuwa a 1804, sun kuma kai wa Alƙalawa hari fiye da sau ɗaya kafin birnin ya faɗi a 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Su kuma Gobirawa, bayan rasa birninsu da kuma kayen Gawakuke a 1836 inda Sarkin Gobir Ali ya rasu, ba su bar sarautarsu ta mutu ba. Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Birnin ya sauya, dabarar ta sauya daga yaƙi zuwa sulhu a wasu lokuta, amma sunan Sarkin Gobir yana nan har yau a Tsibiri da Sabon Birni. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Manomin da ya bar gonarsa ta jeji ya koma sayar da ruwa a Sakkwato ko Maraɗi domin ya ciyar da iyalinsa yana kan wannan turba, domin burin asali, wato riƙe gida, bai sake shi ba.

A nan ne kuma ya kamata a gyara fahimtar da wasu ke yi wa tawakkali. A koyarwar Musulunci azama ce ke gaba, dogaro ga Allah ya biyo baya, kuma an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi kafin ya dogara. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Amfanin tawakkali ga mai buri shi ne yana raba faɗuwar aiki da faɗuwar mutum, sai wanda ya yi asara bana ya iya sake shuka baɗi.

7.0 Sakamakon Nazari

Na farko, Hausa tana da wadatattun kalmomin da za a gina nazarin halayyar ɗan'adam da su, kuma bambancin da ke tsakanin ɗoki da nawa da shiririta da kasala ya cancanci nazari na musamman. Na biyu, Bahaushe ya rarraba nauyin cika buri tsakanin mutum da jama'arsa, don haka auna himmar mutum ba tare da duba abin da ya rage masa na rana da jama'a da ajiya ba zalunci ne. Na uku, masu kai tallafi ga mutanen Sabon Birni da Isa za su fi dacewa idan suka haɗa jari da abin da zai tsare shi: farfaɗo da adashi tsakanin mutanen da suka san juna, ba da iri da taki a ranar da aka ambata, da tanadin ajiyar da ba ta jawo ido. Duk alkawarin da hukuma ta saɓa yana rage wa mutane dalilin jira, kamar yadda gwajin yaran nan ya nuna.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi niyya tun daga kalmomin da ake furta ta da su har zuwa al'adun da ke tsare ta, ta kuma nuna abin da ya same su a ƙasar Sabon Birni da Isa. An ga cewa himma gaskiya ce, amma tana da abokan tafiya, kuma idan aka raba ta da su takan gaji. Akwai buƙatar manazarta su shiga fage su tattara yadda 'yan gudun hijira ke sake ƙulla adashi da bashin kaya a wuraren da suka sauka, da kuma sababbin kalmomi da karin maganar da wannan zamani ya haifar a bakin Gobirawa, tun masu riƙe da su ba su ƙara warwatsuwa ba.